Basira da Sawun Jarirai

A gidan da Basira ta tashi a Bodinga har kaji fararen ƙafafu gare su. Mahaifinta, Malam Sodangi, aikin fiyofi yake yi, wato farin garin nan da ake kwaɓawa da ruwa a zuba a mazubin roba, in ya sandare a yi wa silin ado da shi. A tsakar gida yake zuba furanni da dogayen layuka, ya jingina su da katanga su sha rana, kafin mota ta zo ta kwashe zuwa sababbin gidaje a Sakkwato. 'Ya'yansa huɗu na fari duk mata ne, Basira ce babba, don haka ita ce mai tsayawa kusa da bokiti. Tun tana aji uku na firamare ta san ruwa ake fara zubawa sannan gari, ba a juyawa sai garin ya sha ya nutse, kuma in ya fara kamawa ɗumi yake yi kamar jikin mai zazzaɓi. Malam Sodangi ba mai yawan magana ba ne, amma abu ɗaya ya maimaita mata har ta gaji da ji: kada ta kuskura ta bar hannunta a ciki yana kamawa, don yana ƙona fata.

Da ta gama sakandare ta yi aure a Shagari. Mijinta Zayyanu albasa yake saye a fadamun Danchadi ya ɗora wa motocin kudu. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya son abin da zai kai shi ƙofar mai unguwa. Gida ɗaya suke da mahaifiyarsa, Inna Lami, tsohuwar da ba ta yarda da kowa ba, ba ta kuma ɓoye hakan. Gashin da ya maƙale mata a mataji binne shi take yi. In ta yanke farce sai ta tabbatar sun cika kafin ta tona musu rami. Kullum da safe in Zayyanu ya fita sai ta bi bayansa da tsintsiya ta share sawunsa daga ƙofar gida har bakin hanya, don ta ce akwai masu ɗibar ƙasar sawun mutum su kai wa boka.

Ɗan Basira na fari wata uku ya yi a duniya. Zazzaɓi ya kama shi ranar Talata, ranar Alhamis aka kai shi makwancinsa. Hotunansa duka a wayar Zayyanu suke, bayan sati biyu aka zare wayar daga aljihunsa a kasuwar Bodinga. Basira ta yi haƙuri kamar yadda aka ce ta yi. Amma bayan shekara, wata rana tana wanke rigunan da ya bari don ta bayar, sai ta so ta tuna girman ƙafarsa, ko ta kai tsawon babban yatsanta ko ba ta kai ba. Ta rasa. Abin ya tsaya mata a rai, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Da ta haifi 'yarta Kausar, bayan suna da kwana goma, ta sa aka samo mata yumɓu wurin masu ginin tukwane. Akwai ragowar garin fiyofi da mahaifinta ya ba ta don ta toshe tsaga a bangon ɗaki. Ta cuɗa yumɓun da ɗan man gyaɗa har ya yi laushi, ta shimfiɗa shi a murfin kwano. Ta bari sai da Kausar ta sha nono ta yi barci, ta danna tafin ƙafarta a hankali, ta cire, ta goge mata. Sannan ta kwaɓa gari a kofi ta zuba a ramin da ƙafar ta bari. Kafin ta gama shanya tsummoki ya kama. Ta ɓamɓare yumɓun, sai ga ƙafar 'yarta fara tas, da 'yan yatsu biyar, har da layukan tafi.

Tana cikin kallo Inna Lami ta shigo da kunun kanwa. Tsohuwar ta ajiye kwanon, ta kai hannu ta taɓa abin da ke kan gado, ta janye da sauri.

"Abin ga na da ɗumi," in ji ta. "Mi kis sa ciki?"

Basira ta yi mata bayani cewa haka garin yake, ko furen silin aka zuba sai ya yi ɗumi kafin ya huce. Inna Lami ta saurara har ƙarshe. Daga nan ta kware zanin jaririyar, ta duba ƙafa biyun, ta matsa su, ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauke ta ta kai ɗakinta. A can Kausar ta wuni, sai dai a miƙo ta ta sha nono a mayar. Da Zayyanu ya dawo tsohuwar ta tare shi tun daga zaure ta ce matarsa ta ɗauki sawun 'yar cikinta, shi ma ya kula da nasa. Zayyanu ya shigo yana dariya, ya juya ƙafar a hannunsa ya ce ta yi kyau. Amma washegari Basira ta lura cewa a kan gado ya sa takalmansa kafin ya sauko, shi da ya saba takowa har bakin randa ba takalmi.

Da abin ya tsaya nan, ba don Bahijja ba. Bahijja ma'aikaciyar asibitin garin ce, ita ke bin gidaje tana yi wa yara allurar rigakafi. Ta ga ƙafar a cikin kabat, tsakanin kwanukan jere, ta ce a miƙo mata. Ta buɗe wayarta ta nuna wa Basira cewa a manyan birane har shago ake buɗewa don wannan, ana sa hannun jariri da ƙafarsa a katako mai gilashi a rataye. Ta ce a yi wa ɗanta. Basira ta yi masa hannu da ƙafa, ta shafa musu fenti ruwan zinariya, wani kafinta a kasuwa ya haɗa katakon. Bahijja ta ɗauki hoto ta sa a waya. Kafin wata ya ƙare malaman makaranta mata uku sun aiko, sai matan ma'aikatan sakatariya, sai wasu daga Bodinga da Dingyadi. Basira ta kan tafi da yumɓunta a roba, da garinta a leda, da cokali ɗaya da ba ta ci da shi. Garin ba ya taɓa jikin yaro, yumɓu kaɗai.

Akwai abin da ba wanda ya sani, har Zayyanu. Sau biyu take ɗaukar kowane sawu, don wani lokaci yumɓu kan tsage, ko kumfa ta cinye ɗan yatsa. Mai kyan ta ba uwa, ɗayan ya rage a hannunta. Ta rasa inda za ta kai su. In ta zubar a juji yara za su tono. In ta jefa a tafki wani zai gan ta. Ta taɓa sa ɗaya a turmi ta ɗaga taɓarya, hannun ya ƙi sauka. Sai ta riƙa rubuta suna da kwanan wata a bayan kowanne da fensir, ta naɗe a tsumma, ta sa a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado.

A shekara ta biyu Ramatu ta aiko mata. Ramatu matar Salisu tela ce, gida uku ke tsakaninsu, ta haifi ɗa namiji aka sa masa Ahmad. Kwanansa tara Basira ta je. Ƙafar dama ta shiga yumɓu lafiya. Ta hagu kuwa ta ƙi kwanciya, gefenta ne ya fara nutsewa, yatsun na kallon ciki. Basira ta ɗaga kai ta dubi Ramatu. Ramatu ta ja zani ta rufe ƙafar, ta ce ana gasa masa da ruwan zafi safe da yamma, tsofaffi sun ce za ta miƙe, a sa ta damar kawai a katako. Basira ta yi shiru, don ta san wanda ya faɗi aibin jariri ɗan kwana tara cewa za a yi ya yi masa baki. Ta ba su ta dama. Ta hagun ta shiga akwati.

Ahmad ya shekara ɗaya da rabi bai taka ba. In ya kama bango ya miƙe, a kan gefen ƙafa yake tsayawa, sai ya faɗi. Salisu ya goya shi a mashin ya kai shi wurin wani mai magani a ƙauye. Mai maganin ya taɓa ƙafar, ya tambaya ko an taɓa ɗaukar sawun yaron. Salisu ya dawo gida ya sauke katakon daga bango, ya farfasa shi a tsakar gida, ya tona rami ya binne.

Ba wanda ya zo ya tari Basira da maganar. A jikin mutane ta gani. In ta shiga gidan suna sai masu goyo su ja zani su rufe ƙafafun 'ya'yansu. A wurin injin niƙa hira kan mutu in ta ajiye kwanonta. Wata maƙwabciya da ta saba aiko yara aron rariya ta daina, yaran unguwa kuma suka daina wasa ba takalmi a ƙofar gidansu. Mata biyu suka dawo mata da katakonsu, ɗaya ta ce mijinta ne ya ce, ɗaya ta ajiye ta juya. Ita ma Basira sai ta fara zargin kowa. In Inna Lami ta daɗe a gidan gaisuwa sai ta ce a ranta can ake kai labarinta. In Zayyanu ya sunkuya neman takalmi kusa da gado sai ta kafa masa ido. Ta sayi kwaɗo ta sa wa akwatin, ta kuma koma tunanin cewa kwaɗon ne zai ja ido.

Ana cikin haka Bahijja, wadda ke da cikin wata takwas, ta matsa mata a kan wani sabon abu. So take a yi mata siffar cikin, kamar yadda ta gani a waya. Basira ta ƙi, ta ce lokacin bai dace ba. Bahijja ta ce ba wanda zai gani, ita kaɗai za ta ajiye, kuma likita ya gaya mata wannan ne cikinta na ƙarshe. Ta kawo bandejin filasta irin wanda ake ɗaure karaya da shi. Suka kulle ɗaki a gidan Bahijja, Basira ta shafe mata cikin da basilin, ta jiƙa bandejin tana shimfiɗawa layi bisa layi har ya kama, suka zare shi kamar ƙwarya. Sai dai yana bukatar kwana biyu a inuwa da kuma gogewa, saboda haka Basira ta naɗe shi a buhu ta kawo gida, ta jingina a bayan ɗaki ta rufa masa zani. Iska ta yaye zanin. Maƙwabciyarsu ta hau turmi za ta shanya kuɓewa a kan katanga, ta hango cikin mace fari, ba kai ba ƙafa. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Basira na da gunki mai ciki, kuma da sawun jarirai take ciyar da shi.

Bayan kwana uku wata mata ta yi sallama da hantsi, sanye da niƙabi. Ta ce daga Dingyadi take, ba ta faɗi suna ba. Ta zauna a bakin tabarma, ta kwance wani ƙyalle, sai ga ƙasa kamar cikin tafin hannu. Ta ce sawun mijinta ne, yana tafiya Legas sai ya shekara bai dawo ba, an ce mata Basira na ɗaure ƙafa. Basira ta dubi ƙasar, ta dubi wayar da matar ta kifa a kan cinyarta ba ta sake ta ba. Ta ɗaga murya yadda Inna Lami za ta ji daga ƙofar ɗakinta, ta ce ita ba boka ba ce, garin silin take kwaɓawa, matar ta ɗaure ƙasarta ta tafi. Matar ta ɗan jima a zaune kamar za ta yi kuka, sannan ta tashi. Har yau Basira ba ta san ko turo ta aka yi a ɗauki muryarta ba, ko kuwa da gaske mijinta take nema.

Salisu ne ya kai ƙara wurin mai unguwa. Aka sa ranar Asabar da safe. Maza suka zauna a zaure, da liman da dattawa huɗu, mata kuma daga cikin gida kusa da ƙofa, inda za su ji kuma a ji su. Salisu ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce shi ba ya son fitina, amma ɗansa lafiya aka haife shi, tun da aka danna ƙafarsa a laka ta lalace. Ya kawo maganar gunki, ya kawo maganar ɗumi. Basira ta ba da amsa daga bakin ƙofa, ta faɗi yadda take yi tun daga cuɗa yumɓu. Bahijja ta ce cikin nata ne, ita ta roƙa, ba wanda ya ciyar da shi komai.

Liman dattijo ne mai magana a hankali. Ya ce tambaya ɗaya gare shi: in ta gama aiki ta ba uwa nata, akwai wani abu na yaron da ke saura a hannunta? Zayyanu ya yi sauri ya ce babu, shi ne mai gidan, da akwai da ya sani. Mai unguwa ya maimaita wa Basira tambayar.

"Ranka shi daɗe, akwai," in ji ta.

Ta kwance mabuɗi daga bakin zaninta ta miƙa wa mijinta, ta gaya masa inda akwatin yake. Zayyanu ya karɓa bai dube ta ba. Da ya dawo ya ajiye shi a tsakiyar zaure ya buɗe, ya ja da baya. Wani dattijo ya fara kwance tsummokin yana jerawa a kan tabarma, ƙafa, ƙafa, hannu, ƙafa, har sittin da uku. Matan da ke ciki suka matso, wasu har suka manta da maza suka shigo zauren suna neman sunayen 'ya'yansu. Wata ta ga na 'yarta ta ɗauke ta cusa a cikin hijabi tana salati. Salisu ya ce shi ba sai ya ƙara magana ba, kowa ya gani.

Basira ta nemi izini ta shigo. Ta tsuguna ta juya su ɗaya-ɗaya har ta sami wadda take nema, ta ajiye ta kusa da ta wani yaro. Ko makaho ya shafa zai ji bambanci. Ɗaya a miƙe take, ɗayar ta lanƙwashe kamar ƙwayar wake, gefenta ya yi kauri, dunduniyar ƙarama. A bayanta an rubuta Ahmad Salisu, hagu, da kwanan wata. Bahijja ta ce haka ake haihuwar wasu yara, ba aikin kowa ba ne, kuma a babban asibiti a Sakkwato ana gyarawa, an fi son a kai su tun suna jarirai. Salisu ya ce fensir ne, ko jiya ana iya rubuta wannan kwanan wata, kuma wa ya sani ko a cikin lakar ƙafar ta lanƙwashe.

Mai unguwa ya ce a kira uwar yaro. Ramatu na can ƙarshen mata da Ahmad a bayanta. Ya tambaye ta yadda ƙafar take ranar da ungozoma ta miƙa mata shi, ya ce ta ji tsoron Allah.

"Haka anka haihe shi," in ji ta. "Mun ɗauka za ta miƙe."

Ta ce safa take sa masa ko da zafi, don kada uban ya gani hankalinsa ya tashi, da abin ya yi nisa kuma sai ta ji tsoron faɗa. Salisu ya juya ya dube ta. Sai ya koma kan Basira ya ce to ita da ta gani tun yana kwana tara, har ta rubuta ta ajiye, me ya hana ta magana? Basira ta ce wannan kam laifinta ne, ba ta da abin cewa.

Liman ya ce hannu ko ƙafa kaɗai ba cikakkiyar siffa ba ce, shi bai ga abin hanawa ba matuƙar ba girmama su ake yi ba, amma zai ƙara tambayar waɗanda suka fi shi karatu. Ciki kuwa al'aura ne, mai shi ta ɗauke kayanta ta ɓoye, kada a sake. Mai unguwa ya ce kowace uwa ta ɗauki na ɗanta, na mutanen nesa a aika musu. Amma zauren bai watse ba. Wani dattijo ya ce shi har yanzu maganar ɗumin ce ba ta kwanta masa ba, a yi a gabansu su gani. Basira ta ce kayanta na gida, a ba ta ƙafa. Masu goyo suka koma bayan juna. Maza suka ja ƙafafunsu cikin riguna. Zayyanu ya tsura wa rufin zaure ido.

Inna Lami ce ta taso daga cikin mata. Ta zauna a bakin ƙofa, ta tuɓe silifa, ta miƙe ƙafa.

"Ɗauki nawa," in ji ta. "Ba don na yarda da ke ba. In na gurgunce, ga shaidu."

Aka kawo yumɓu a faranti babba. Basira ta danna ƙafar surukarta, mai kaushi da faso, ta zuba gari. Da ya fara kamawa dattawa suka taɓa ɗaya bayan ɗaya, suka ji ɗumin. Ta kwaɓa wani a kofi ba sawun kowa, suka taɓa, shi ma ɗumi. Dattijon da ya nema ya ce to, ya goge hannunsa a riga har sau biyu. Inna Lami ta karɓi ƙafarta, ta tattara yumɓun duka har ɓurɓushi, ta ƙulle a zani ta tafi da su ɗakinta.

Wata guda cur unguwar na kallon tafiyar Inna Lami. Ita kuwa shekara goma tana fama da ciwon gwiwa, amma a watan nan ko ɗingishi ba ta yi a waje ba. Ta kan tafi kasuwa a miƙe ta dawo a miƙe, sai ta shigo gida ta zube a tabarma ta ce wa Basira ta kawo man zafi. Tana shafa mata, ita tana kallon hannunta.

Zayyanu ya yi kwana biyar ba ya cin abinci a ɗaki. Ba sawun ne ya dame shi ba, ya ce, sai dai yadda shi ya ce babu a gaban dattawa, ita kuma ta ce akwai. Daga baya ya sauko. Akwatin yanzu kayan Kausar ne a ciki, ba kwaɗo.

An kai Ahmad Sakkwato. Likitoci suka ce an makara amma za a gwada. Da Salisu ya ga sun jiƙa farin bandeji za su naɗe ƙafar tun daga yatsu har cinya, ya miƙe zai ɗauki ɗansa, ya ce garin nan ne dai. Ramatu ta riƙe yaron ta ce sai dai ya tafi shi kaɗai. Sati-sati suka yi ta zuwa ana canza filasta, daga baya aka yi masa ɗan aiki a dunduniya. Yanzu Ahmad na zuwa makarantar allo da ƙafarsa, yana ɗan jan ta hagu in ya gaji. Salisu ba ya amsa gaisuwar Basira sai da kai. Ramatu kan gaishe ta in ba ya kusa.

Basira ba ta bar aikin ba, sai dai a Shagari masu kiranta sun ragu. Yawancin aikinta yanzu a Bodinga ne da cikin Sakkwato. Siffar ciki ba ta sake yi ba, ko da yake akan tambaya ta waya. Sau ɗaya take ɗaukar sawu, in ya lalace ta ba uwa lalataccen ta sake wani. Ba ta aiki a ɗaki, sai tsakar gida, a gaban duk wanda ke so ya tsaya. In kuma ta ga wani abu a hannun yaro ko ƙafarsa da bai yi mata ba, faɗa take yi a take, ko za a kore ta. An taɓa korar ta sau ɗaya a Danchadi.

A watan jiya aka kira ta wani gida a Bodinga, 'yan biyu mata. Kakar yaran ta ɗauko kujera ta zauna dab da ita tun daga farko. Da aka gama ta karɓi yumɓun, ta karɓi tsumman da aka goge ƙafafun da shi, ta sa aka juye ruwan wanke hannu a jarka. Sannan ta ce a ba ta cokalin. Basira ta ce cokalin bai taɓa yaran ba, kuma shi kaɗai gare ta, da shi za ta yi wani aikin bayan azahar. Suka ɗan ja. A ƙarshe tsohuwar ta wanke cokalin da kanta har sau uku, ta zuba ruwan a jarkar, ta ɗaga shi a rana ta duba ciki da baya, ta miƙo mata. Basira ta sa shi a leda, ta yi musu barka, ta fita neman mashin da zai kai ta ɗayan gidan.